Wuƙar da Ta Zo daga Seki

Ranar Talata, ana yayyafin nan na Sheffield
da mutum kan raina har ya kai masa ga ƙashi,
wata tsohuwa ta turo ƙofar shagonmu
da ƙunshi a ƙirji, kamar mai kai jariri awo.

Derek na ciki yana shan shayinsa na uku.
Ni ne a kan dutse.

Ta warware shuɗin ƙyalle, ta warware jarida,
ta ajiye wuƙar, bakinta na kallon bango.
Ta ce sunanta Fumiko, daga Seki,
gari ne ba babba ba, ba ƙauye ba,
kogi ta nan, tsaunuka ta can,
kaka da kakanni suna dukan ƙarfe.
Da takubba suke yi. Da aka hana rataya takobi
sai suka koma almakashi, aska, abin yanke farce,
da irin wannan, ta yankan kabeji.
Mahaifinta ya ƙera ta, ya cusa mata a akwati
shekarar da ta biyo Bature zuwa nan.
Baturen ya rasu bara.
Da ita ya taɓa buɗe gwangwanin fenti,
ta nuna mini giɓin da farce,
ta yi dariya, ta share ido.

Na ɗaga ta saitin fitila.
A jikin ruwanta wani layi na tafiya a karkace
irin sawun da kogi kan bari a yashi in ya janye.

Ban gaya mata ni ma ɗan maƙera ba ne.
Ban ce Baba Nomau kan ɗanɗana ruwan kwatarniya
kafin ya tsoma lauje ya yi cuu,
ban ce na tsani zuga-zugi, na tsani baƙin hanci,
na gudu boko, na haye teku neman digiri,
ga ni nan, kuɗin haya ya zaunar da ni gaban dutse.
A gurbin maƙerarmu yanzu ana cajin waya.
Uwar maƙera tana bayan gida, awaki na hawa.

Derek ya leƙo, ya yi fito.
Shi ma kakansa wasa wuƙa ya kashe shi,
ƙurar dutse a huhu, bai kai arba'in ba.
Masana'antar da ya yi tari a ciki
an raba ta ɗaki-ɗaki, ɗalibai na shanya safa a taga.

Na ce: Mama, in za a cire giɓin nan
sai na cinye ƙarfe kamar faɗin ƙwayar gero
daga gindi har tsini.
Za ta yi kyau, amma za ta rame.

Ta daɗe tana kallon wuƙar.
Motar bas ta wuce, gilashin shago ya yi rawa.
Ta ce: wasa ko'ina. Wurin nan, tsallake shi.

Na jiƙa dutse.
Hannu bai tambaye ni komai ba,
ya kwantar da ita yadda Baba ke yi,
ja, tura, ja, tura, a juya,
har ruwan ya yi kauri, ya yi launin toka.
Na gwada a gashin hannuna, ya zube.
Ita ta ciro tumatir daga jaka, da ma ta taho da shi,
ta yanka ba tare da ta danna ba,
ta miƙa wa Derek yanki, ta miƙa mini.

Fam shida ne. Ta ba da goma, ta ƙi canji.

Da yamma na ɗauki bokiti zuwa magudana.
A ƙasansa ɗan garin ƙarfen Seki ya kwanta,
ya gauraya da na jiya, na Sheffield.
Na zuba. Derek ya ce duk kogin Don suke tafiya.
Na tsaya da bokiti a hannu, ina lissafin
ƙarfe nawa ne yanzu a Ƙaura,
ko Baba ya dawo daga masallaci.